Kafin a Ƙone Ganye, a Zubar da Ɓawo: Yadda Ake Haɗa Taki a Gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana kan wani gefe na batun shara da ba a cika leƙawa ba. Duk lokacin da zancen shara ya taso, inda ake tsayawa shi ne wa zai kwashe, yaushe zai kwashe, ina za a kai ta. Da wuya ka ji an tambayi me ke cikin kwandon. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa duniya na tara sharar gidaje da garuruwa tan biliyan 2.01 a shekara, kuma kashi 44 cikin ɗari na wannan shara ragowar abinci ne da ganyaye da ciyawa. Wato kusan rabin abin da ake ɗora wa mota ko ake cinna wa wuta, abu ne da zai iya komawa ƙasa ya ciyar da shuka. In kuwa aka binne shi a bola ƙarƙashin ledoji da gwangwanaye, inda iska ba ta kai gare shi, sai ya riƙa fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta na riƙe zafi a sararin sama ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 a tsawon shekara 100.

Mutane da yawa sun gwada haɗa taki a gida suka watsar, kuma kukansu ɗaya ne: wari da ƙudaje. Abin da nake son masu karatu su riƙe shi ne, tsibin taki da aka haɗa daidai ba ya wari. Wari saƙo ne, yana gaya maka cewa wani abu ya yi yawa ko wani ya yi kaɗan. Juji daban, tsibin taki daban. A juji zubawa kawai ake yi a juya baya. A tsibin taki kuwa kiwo ake yi, kiwon ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da fumfuna, waɗanda su ne ke cinye sharar. Abu huɗu suke bukata: abinci mai kabon, abinci mai naitirojin, ruwa, da iska. Duk wata matsala da za ta taso, daga ɗayan huɗun nan take.

Kayan da ake zubawa iri biyu ne, ɗanye da busasshe. Ɗanyen shi ne ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen da aka tsince aka yar wajen girki, sabuwar ciyawar da aka yanka, ganyen shayi da aka gama sha, da kashin dabbobi masu cin ciyawa da na kaji. Waɗannan su ke ɗauke da naitirojin da ruwa. Busasshen shi ne ganyen da ya kaɗe daga bishiya, kara, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawa, kwali, tsohuwar takarda, da garin katako. Su ke ɗauke da kabon, su ne kuma ke buɗe wa iska hanya a cikin tsibin. Kada kamanni su ruɗi mutum: kashin kaji ko ya bushe ƙayau a sahun ɗanye yake, domin naitirojin ɗinsa ya fi na kowa yawa a cikin kayan nan.

Masana sun auna cewa halittun nan sun fi sakewa idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. A wannan lissafi na ninki, ragowar kayan lambu na tsakanin 12 da 20, sabuwar ciyawa wajen 20, kashin kaji wajen 10, busasshen ganye wajen 60, garin katako kuwa yana haura 200, wani ma har 500. Ba sai mutum ya ɗauki biro da takarda ba. Ma'aunin da ke aiki a gida shi ne bokiti: duk bokiti 1 na ɗanye, a bi shi da bokiti 2 zuwa 3 na busasshe. In garin katako ne a hannu, rabin bokiti ya isa, kuma a barbaɗa shi, kada a zuba shi dunƙule.

A nan ne nake son in daɗe, domin a nan ake yin babban kuskure. Ɗakin girki kullum yana fitar da ɗanye, ba ya fitar da busasshe. Busasshen kuwa a lokaci guda yake zuwa, lokacin da itatuwa ke zubar da ganye, kuma shi ne aka fi gaggawar sharewa a tara a ƙone. Wanda ya ƙone ganyen gidansa ya ƙone rabin takinsa, ya shaƙi hayaƙin, ya shaƙar wa maƙwabta, sannan bayan wata biyu ya rasa abin da zai rufe ɓawon da ke jan ƙudaje. Abin yi shi ne a tara ganyen a buhuna, a taka shi ya danne, a ajiye inda ruwa ba zai taɓa shi ba, dab da wurin da tsibin yake. Buhu 5 ko 6 za su ɗauki ƙaramin gida watanni. In ganye ya ƙare, kwali yana maye gurbinsa, a cire masa salatif da ƙarfen ɗinki, a jiƙa shi, a yayyaga. A ganina, wanda bai tanadi busasshe ba bai shirya fara haɗa taki ba, ko da ya sayi kowane irin mazubi.

Wurin da za a kafa tsibi ya zama mai inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya, kuma kada ya jingina da bangon ɗaki domin danshi na cin gini. A kafa shi kai tsaye a kan ƙasa, ba kan siminti ba, saboda ƙwarin ƙasa irin su tana su samu hanyar hawowa, ruwan da ya yi yawa kuma ya tsotse. Girma na da muhimmanci ƙwarai. Tsibin da ke ɗaukar zafi sai ya kai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsayi. Wanda bai kai haka ba zafinsa na tserewa kafin ya taru. Wanda ya wuce mita 1.5 kuma nauyinsa na danne tsakiya, iska ta kasa shiga. Ana iya kewaye shi da ragar waya, ko katako mai tazara, ko bulo da aka jera da ɗan rata a tsakani. In da fili, a yi ɗaki biyu gefe da gefe, domin a riƙa juyewa daga wannan zuwa wancan.

Ga yadda ake ɗora shi. A fara shimfiɗa ƙirare ko kara mai kauri santimita 10 zuwa 15 a ƙasa, wannan ne hancin da tsibin zai riƙa numfashi da shi. A kai a zuba busasshe santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa. Sai ɗanye santimita 5 zuwa 10. Sai a barbaɗa ƙasa ko tsohon taki ɗan kaɗan, shebur guda ya wadatar, domin a cikinsa halittun suke, ba a bukatar sayen wani magani na musamman. A maimaita haka har a kai tsayin ƙugu ko ƙirji. Shimfiɗar ƙarshe lallai ta zama busasshe, sannan a rufe da tsohon buhu ko tabarma. Duk abin da za a zuba a sassara shi da adda kada ya wuce santimita 5. Halittun daga gefen da aka yanka suke fara ci, shi ya sa guntun kara ke narkewa cikin makonni, cikakken kara kuma ya shekara yana nan.

Danshin da ake so kashi 40 zuwa 60 ne cikin ɗari, kuma hannu ne ma'auninsa. A cusa hannu cikin tsibin, a damƙo, a matse da ƙarfi. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In aka buɗe hannu abin ya wargaje, tafin hannu bai jiƙe ba, ya yi kaɗan. Daidai shi ne ɗigo ɗaya ko biyu su fito, abin ya tsaya a dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya farfashe. Busasshen ganye na da halin ƙin shan ruwa, ruwan ya bi ta kansa ya gangare, saman ya jiƙe ciki na nan a bushe. Shi ya sa ake jiƙa kowace shimfiɗa lokacin ɗorawa, ba a jira sai an gama a kwarara daga sama.

In haɗin ya yi, cikin kwana 2 zuwa 3 tsakiyar tsibin za ta ɗauki zafi. Wannan zafi ba na rana ba ne, daga jikin halittun yake fitowa yayin da suke ci. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka rodi har tsakiya, ya bar shi minti 10, ya zaro ya kama. In ya ji da ƙyar zai iya riƙe shi, an kai inda ake so, wato digiri 55 zuwa 65 na ma'aunin Salsiyas. Da sassafe in an buɗe saman za a ga tururi na tashi, a ga wani farin abu kamar toka ya bi jikin ganyen. Wannan ba lalacewa ba ne, halittun ne ke aikinsu. A irin wannan zafi yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa ke mutuwa. In ya haura digiri 70 kuwa, halittun da kansu za su fara mutuwa, sai a juya a ɗan yayyafa ruwa.

Juyi shi ne ba wa tsibin iska. Ana ɗebe na gefe da na sama a mai da su tsakiya, na tsakiya a fito da shi waje, a farfasa duk abin da ya cure, a gwada danshi a gyara. Shebur mai yatsu ya fi shebur mai faɗi sauƙin wannan aiki. Yawan juyi shi ke yanke tsawon jira. Albert Howard, masanin noma ɗan Ingila da ya yi aiki a Indore ta ƙasar Indiya daga 1924 zuwa 1931, ya tsara hanyar da ake juyawa sau 3 a samu taki cikin kimanin wata 3. Farfesa Robert Raabe na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa in an sassara kayan ƙanana, aka haɗa tsibin gaba ɗaya a rana guda, ana juyawa kullum ko bayan kwana biyu, za a iya gamawa cikin kwana 14 zuwa 21, da sharaɗin kada a ƙara sabon abu bayan an fara. Ga mai aiki da ba shi da wannan lokaci, juyi sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu ya wadatar. Wanda ba zai juya ba sam shi ma zai samu taki, sai dai ya jira wata 6 zuwa shekara, kuma irin ciyawar da ke ciki ba zai mutu ba.

Akwai abubuwan da ba sa shiga. Nama, ƙashi, kifi, madara, mai da dafaffen abinci mai maiƙo suna kiran ɓeraye da karnuka, man kuma yana lulluɓe kayan ya toshe iska. Kashin kare da na kyanwa da bahayar mutum na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da cututtukan da ke kama mutum. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya wa masu mai da ƙazantar magudanai taki a dogayen tsibi cewa sai zafi ya tsaya a digiri 55 ko sama na kwana 15, an kuma juya sau 5 a cikin kwanakin. Tsibin gida da wuya ya cika wannan sharaɗi a kowane lungu nasa, don haka a nisanta shi da irin wannan ƙazanta. Shukar da cuta ta kashe da ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya su ma a ware su. Haka garin katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da takarda mai sheƙi, da leda, da batir. A kuma lura da ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa mai sinadarin aminopyralid ko clopyralid. Waɗannan ba sa narkewa a tsibi, har ta cikin dabba suna bi su fito a kashinta, kuma alamarsu ita ce ganyen tumatir ko wake ya riƙa nannaɗewa yana ƙanƙancewa bayan an zuba takin.

Toka fa? Tokar itace na da fotash da alli, tana da amfani, amma kaifinta na korar naitirojin ya tashi a iska. Tafin hannu ɗaya ko biyu a kan shimfiɗa ya isa. Ɓawon ƙwai a daka shi kafin a zuba, in ba haka ba za a tarar da shi yadda aka sa shi.

Yanzu ga karatun alamomi. In tsibin na zarni kamar makewayi, ɗanye ya yi yawa, naitirojin ne ke gudu a matsayin ammoniya, wato takin ne kansa ke tashi sama. A juya a cakuɗa busasshe bokiti 2 ko 3. In yana ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya yi baƙi ya caɓe, ruwa ya cika ramukan da iska ke bi, halittun da ba sa son iska sun karɓe aikin. A baje shi ya sha iska na yini guda, a haɗa da kara ko kwali, a sake ɗorawa, a kuma rufe shi da tampol in ana ruwan sama, amma a ɗaga gefen don kada ya shaƙe. Sabuwar ciyawa ce ta fi jawo wannan, domin tana kwanciya ta manne kamar tabarma, gara a shanya ta kwana ɗaya kafin a zuba. In kuma an yi mako tsibin na nan sanyi ƙalau, ganye bai canza kama ba, ɗayan uku ne: ya bushe, ko ya yi ƙanƙanta, ko busasshe ya rinjayi ɗanye. A fara da gwajin matsi. In danshi na nan, a ƙara kashin kaji ko sabuwar ciyawa. Tururuwa in sun kafa gida a ciki, shaida ce ta bushewa. Ƙudaje kuwa abin da aka bari a fili suke bi, maganinsu a tona rami santimita 20 a cikin tsibin, a zuba sabon ɓawo, a mai da rufi. Manyan tsutsotsi masu launin toka ko ruwan ƙasa da ake gani wani lokaci 'ya'yan wani baƙin ƙuda ne da ba ya damun mutane a ɗaki, suna cin shara da sauri, sai dai yawansu na nuna tsibin ya jiƙe da yawa. Ɓera kuma ragar waya mai ido santimita ɗaya ko ƙasa da haka ke tare shi, a shimfiɗa ta har ƙarƙashi, ga yawan juyi da ke hana shi sakewa.

Wanda ba shi da fili sosai zai iya amfani da durom mai cin lita 200 wanda bai taɓa ɗaukar guba ko man inji ba. A huda shi ramuka masu faɗin santimita 1, tazarar santimita 10 zuwa 15, a jiki da gindi, a ɗora shi kan bulo, a sa murfi. Ma'aunin bai canza ba. Kada a cika shi fiye da kashi uku cikin huɗu, domin a iya kwantar da shi a mirgina sau biyu a mako. Ba zai yi zafi kamar babban tsibi ba, zai kuma fi saurin caɓewa, saboda haka a ƙara masa busasshe. Hanya mafi sauƙi duka ita ce binnewa: a haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40 a inda za a yi shuka, a zuba ɓawon, a rufe da ƙasa santimita 20, a jira wata 2 zuwa 3 kafin a shuka a kai. Inda rana ke da zafi kuma iska ta bushe, yin tsibin cikin rami na taimakawa wajen riƙe danshi, amma da damina ramin na iya zama tafki, sai an yi masa rufi da ɗan tudu a kewaye.

Kuskure na ƙarshe shi ne gaggawar kwashewa. Idan aka juya tsibin bai sake ɗaukar zafi ba, girmansa ya ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, to zafin ya ƙare amma takin bai nuna ba. A bar shi ya huta mako 4 zuwa 8 a inuwa da ɗan danshi. Taki nunanne baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ka gane ɓawo ko ganye a ciki, ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan sama ya fara taɓawa. Ɗanyen taki in ya shiga gona yana ci gaba da ruɓewa, halittun su ƙwace naitirojin daga bakin saiwa, sai ka ga ganye ya yi rawaya, mutum ya ce takin ne ba shi da kyau. Gwaji biyu ke raba gardama. A ɗaure damƙi guda mai danshi cikin leda na kwana 3, in aka buɗe aka ji tsami ko zarni, da saura. Ko a shuka ƙwayar wake 10 a cikin takin, 10 a ƙasa zalla, a kwatanta fitowarsu da lafiyar ganyensu bayan mako guda ko biyu.

Wajen amfani, a shimfiɗa santimita 2 zuwa 5 a kan wurin shuka a cakuɗa da santimita 15 na saman ƙasa. Bokiti mai lita 20 na rufe murabba'in mita guda da kaurin santimita 2. A tukunyar shuka, taki kashi 1, ƙasa kashi 2 ko 3, kada a shuka a cikin taki zalla. A gindin bishiya a zagaya da shi inda inuwar rassa ta kai, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture domin kada ɓawon itacen ya ruɓe. Gaskiya kuma a faɗe ta: naitirojin ɗin da ke cikin takin gida yawanci kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, ba kamar takin zamani mai lamba 15-15-15 ba, kuma a hankali yake sakinsa. Ƙarfinsa a wani wuri yake. Yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, yana sassauta ƙasa mai laka saiwa ta ratsa, yana kuma riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi. Mai shukar da ke da ci sosai zai iya haɗa su biyun.

Lokacin juyi da tankaɗe a sa safar hannu, a rufe hanci da takunkumi, a yayyafa ruwa in takin ya bushe domin kada ƙurar fumfuna ta tashi. Mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya bar wa wani wannan ɓangaren aikin. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. A tankaɗe takin da rariyar waya mai ido santimita 1, guntayen da suka rage a kan rariya kuma kada a zubar, a zuba su cikin sabon tsibi, domin suna ɗauke da halittun da za su tayar da shi da wuri.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum